A bar kaza cikin gashinta? Kundin cinikin gidanmu a Ingila

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Gida na goma sha ɗaya ke nan da muka duba tun bayan ƙaramar Sallah, kuma shi ne na farko da uwargida ta shiga ba ta taɓe baki ba. Jan bulo ne, ginin shekarun 1930, irin tagwayen gidajen nan da bango ɗaya ya haɗa su. Abin da ya tafi da hankalinta kicin ne. An ƙara shi ta baya, faffaɗa, har da taga a rufi, ga wurin da mutum shida za su zauna cin abinci ba tare da an goga kafaɗa ba. Shekara bakwai tana tuƙa tuwo a kicin ɗin haya wanda in ta buɗe firiji sai an rufe ƙofa, don haka ban ga laifinta ba.

Sama da ɗakunan kwana uku akwai wani ɗaki da aka fitar a cikin rufi, da 'yar matattakala mai tsayi kamar tsani. A ƙarshen filin baya kuma ga ɗan gini na bulo, ɗaki da banɗaki da wurin girki, abin da a gida za mu kira boskwata. Na lura dillalin yana cewa "ɗakuna uku da sarari a rufi", bai taɓa cewa ɗakuna huɗu ba, alhali ga gado da katifa a ciki. Na ɗauka salon maganarsu ne.

Talata, 13 ga Mayu

Mun taya fam 232,000, an sallama a 235,000. Da yake gidanmu na farko ne kuma bai kai 300,000 ba, babu harajin sayen gida a kanmu. Banki na Musulunci muka bi, tsarin musharaka: mu da su mu saya tare, muna biyan hayar kasonsu muna kuma sayensa kaɗan kaɗan. A nan sallamawa ba ta ɗaure kowa ba sai ranar da aka yi musayar kwantiragi. Kafin nan kowa na iya juya baya.

Alhamis, 5 ga Yuni

Jajiberin Sallah, ina shirin zuwa karɓo naman layya gobe, sai ga saƙon lauyarmu. Binciken da ta aika wa kansil, wato ƙaramar hukumar yankin, ya dawo, kuma a kan gidan nan babu komai. Babu izinin gini, babu takardar kammala aiki, ko ta kicin, ko ta ɗakin rufi, ko ta boskwata. A fom ɗin da mai sayarwa ke cikewa, wanda suke kira TA6, inda aka tambaye shi ko an yi gyare-gyare ya amsa da e, inda aka ce ya haɗo takardu ya rubuta "babu".

Na kira Yaya a Kano don barka da Sallah, na ɗan gutsura masa. Ya ce, "Kai, kada ka je ka sayi abin da za a zo a shafa wa jan fenti. Ka manta 2023?" Ban manta ba. Duk wanda ya ga hotunan rusau ɗin Kano na waccan shekarar, in aka ce masa gini ba shi da izini, katafila ce ke fara zuwa masa a rai. Da wannan tunanin na kwana.

Litinin, 9 ga Yuni

Saura ƙiris na ɓata komai. Da safe na nemo lambar sashen tsara gari na kansil, niyyata in kira in tambaye su kai tsaye ko gidan na da matsala. Ni a ganina mai gaskiya ba ya tsoron tambaya. Allah ya sa na fara kiran lauyar don in sanar da ita. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai yau. Ta ce kada in kira, kada in aika saƙo, kada in sa wani ya tambaya da sunan gidan.

Dalilinta shi ne akwai wata inshora da ake saya sau ɗaya a irin wannan ciniki, wadda ke biyan asara in hukuma ta taso wa ginin daga baya. Kamfanonin ba sa sayar da ita in an riga an taɓo kansil a kan maganar. Ranar da ka ɗaga waya ka faɗi lambar gidan, ka rufe wannan ƙofar, ga kanka da mai gidan da duk wanda zai zo saye bayanka. Wato a ƙasar da komai sai da takarda, akwai takardar da sharaɗinta shi ne a bar kaza cikin gashinta.

Ta kuma raba mini abubuwa biyu da nake cakuɗawa. Izinin gini daban, shi yana duba girma da tsayi da ko ka tare wa maƙwabci haske. Ƙa'idojin ingancin gini daban, su ne ke duba tushe da ƙarfe da gobara da wayar wuta. Ofis biyu, doka biyu, ƙidayar lokaci biyu. Gini na iya tsallake ɗaya ya faɗi a ɗayan.

Laraba, 18 ga Yuni

Rahoton safiyo, wato masanin da na ɗauka ya duba lafiyar ginin, shafi 41, fam 690. Na zaɓi babban binciken ne, ba na tsakiya ba, kuma ban yi da-na-sani ba. Abubuwan da ya auna:

Kicin ya fita mita 4.2 daga asalin bangon baya. Abin da doka ta yarda a ƙara wa irin wannan gida ba tare da neman izini ba mita 3 ne. Tun 2013 ana iya kaiwa mita 6, amma sai an sanar da kansil tukuna sun tuntuɓi maƙwabta, wanda ba a yi ba.

Ɗakin rufi a ganinsa bai wuce iyakar da aka yarda ba, kubik mita 50, saboda haka ta fuskar izini da sauƙi. Amma ya ja layi ja a ƙarƙashin wasu kalmomi: benen yana lilo in an taka tsakiyarsa, ƙofofin ba masu tare wuta ba ne, matattakalar ta yi tsaye da yawa. Ya ce kada a ɗauke shi ɗakin kwana. Sai yanzu na gane bakin dillalin.

Boskwata tsayinsa mita 2.9, kuma yana manne da katanga. Duk ginin da ke cikin mita 2 daga iyakar fili bai kamata ya wuce mita 2.5 ba. Ƙari a kan haka, irin waɗannan gine-ginen an yarda da su ne don ajiya ko motsa jiki ko ɗan ofis, ba don wani ya tare a ciki da tukunyarsa ba.

Sai kuma murfin kwata da ya gano a ƙarƙashin tayil ɗin kicin, kusa da injin wanki. Bututun da ke kwashe ƙazantar gidaje uku ta nan ya bi.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na kwana a kan Google Earth, inda ake ja da hotunan sama baya shekara shekara. A hoton da ya fi tsufa bayan gidan ciyawa ce da igiyar shanya. Na matsa gaba, sai ga rufin kicin baƙi ƙirin ya bayyana. Tagar ɗakin rufi ma tana nan tun kafin kicin. Boskwata kuwa babu shi sai a hotunan baya-bayan nan. Matsalar ita ce tsakanin hoto da hoto akwai tazarar shekaru, ba za ka ce ga wata ko ga rana ba.

Da la'asar muka bi ta layin da yara, wai mu ga yadda unguwar take ranar hutu. Tsohuwar da ke ɗaya ɓarin tana datse furanni. Muka gaisa, ta tambayi shekarun yara, ita da kanta ta kawo zancen kicin. Ta ce ba za ta manta ba, shekarar auren Yarima William ne, don sun shirya walimar kan titi sai ga katon kwandon zuba ɓaraguzai na magina ya tare inda za a jera tebura, har aka yi 'yar cacar baki. Auren nan 29 ga Afrilun 2011 aka ɗaura shi. Ta ce kafin yara su koma makaranta a watan Satumba an riga an fara girki a ciki.

Da na ba lauya labari ta ji daɗin shekarar, ba ta ji daɗin hirar ba. Ta ce in rage yawo a layin.

Juma'a, 4 ga Yuli

Yau na zauna da lauya awa guda, na fito da fahimtar da ta sa na yi barci.

A Ingila yin gini ba izini ba laifi ne da ake kama mutum a kansa nan take ba, sai dai in gidan yana cikin gine-ginen tarihi da aka yi wa rajista, su kam babu yafiya komai daɗewa. Abin da kansil ke yi shi ne ta aiko da takardar umarni, ta ce a gyara ko a rushe, da wa'adi. Kana da aƙalla kwana 28 kafin ta fara aiki, kuma kana iya ɗaukaka ƙara. Ƙin bin umarnin ne ke zama laifi, tarar kuma ba ta da iyaka. Inda abin ya shafe ni shi ne umarnin gidan yake bi. Wanda ya gina ya karɓi kuɗinsa ya tafi, wanda ke riƙe da makulli ranar da takarda ta iso shi ne mai amsawa.

Amma akwai wa'adi a kan hukumar ma. A dokar tsara gari ta 1990, in gini ya cika shekara 4 da kammalawa ba a taso masa ba, ya tsira. Dokar 2023 ta mayar da shi shekara 10, daga 25 ga Afrilun 2024. Ginin da aka kammala kafin wannan ranar yana nan a kan tsohuwar ƙidaya ta shekara 4. Wannan a Ingila ne kawai, Wales ba ta canza ba.

To kicin na 2011 ya tsira tun 2015. Har ana iya neman takardar halasci daga kansil, wadda ke tabbatar da cewa lokaci ya wanke shi, fam 528 a farashin Afrilun 2025, a jira kamar mako takwas, kuma kai ne za ka kawo hujja. Maganar kwata ma ta zo da sauƙi: sai 1 ga Oktoban 2011 yawancin irin waɗannan bututun haɗaka suka koma hannun kamfanonin ruwa, kicin kuma ya riga wannan ranar da 'yan makonni. Tsohuwa da walimarta sun yi mana rana.

Boskwata ne ƙashin baya. Mai gidan ya kawo rasit ɗin mai haɗa wuta, Agustan 2022. Shekara 4 ba za ta cika ba sai Agustan 2026. Wata goma sha uku ke nan da kowane maƙwabci zai iya rubuta ƙorafi a zo da tef.

Na tambaye ta ko yin shiru ba ɓoyewa ba ne, don na ji an ce wanda ya ɓoye gini lokaci ba ya wanke shi. Ta yi dariya ta ba ni labarin wani manomi a Surrey, Robert Fidler, da ya gina gida kamar fadar sarki ya lulluɓe shi da tarin damman ciyawa da tamfol har shekara huɗu, sannan ya yaye. Kotu ta ce ƙidayar ba ta fara ba sai ranar da ya kwashe ciyawar, a 2016 dole ya rushe. Ta ce wannan shi ne ɓoyewa. Ginin da kowa ke hangowa daga tagarsa ba a ɓoye yake ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Abin da ya tsaya mini a rai tun rahoton safiyo shi ne lilon benen nan. Inshorar da ake ta magana ba ta san da shi ba. Tana biya ne in hukuma ta tilasta maka aiki. In bene ya rufta da yaro a kai, ko wuta ta tashi a kicin hayaƙi ya hau matattakala, ba ruwanta. Takarda ce ke kare takarda. Shi ya sa na nemi mai gidan ya bari injiniyan gini ya buɗe wuri biyu ya leƙa, ni zan biya, ni zan mayar. Ya ɗan yi gardama, sannan ya yarda.

Ina tsaye injiniyan ya ɗaga kafet, ya kwance katako ɗaya, ya haska tocila. Ya miƙa hannu ya sa tef, ya nuna mini: inci huɗu. Azarar silin ce ta asali, wadda aka sa tun 1930 da wani abu don ta riƙe filasta da 'yan akwatuna. A kanta aka shimfiɗa katako aka kawo gado. Babu ƙarfe ko ɗaya. Ya ce shekara goma sha biyar ba ta faɗi ba, kuma mai yiwuwa ba za ta faɗi gobe ba, amma shi ba zai kwantar da 'ya'yansa a nan ba. Ya nuna mini siririyar tsaga a silin ɗin ɗakin da ke ƙasa, an shafe ta da fenti, ta sake fitowa.

A kicin labarin ya fi daɗi. Inda aka fasa bangon baya akwai ƙarfen bim mai kauri, girmansa daidai, kowane kai yana zaune a kan dutsen kankare. Ko wane ne ya yi aikin, ya san sana'arsa, takarda ce kawai bai nema ba.

Mai gidan yana zaune a falo duk wannan lokacin. Dattijo ne, ya haura saba'in, zai koma kusa da 'yarsa. Da muka sauko ya ce ɗan'uwansa ne ya yi masa ɗakin rufin a lokacin da yara suka yi yawa, kuma duk layin haka aka yi. Ban ji haushinsa ba. Na san gidaje nawa a unguwarmu aka ɗora wa bene a kan tushen da aka haƙa don ƙasa kawai.

Talata, 29 ga Yuli

Mako biyu ana ja. Injiniya ya ƙiyasta gyaran rufi, ƙarafa biyu da sabuwar azara da ƙofofin wuta da na'urar jin hayaƙi da sake matattakala, tsakanin fam 14,000 da 18,000. Na nemi ragin 14,000. Dillali ya ce ai tun farko a matsayin ɗaki uku aka sa kuɗin, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba da waɗannan kalmomin ya faɗa ba, amma nufinsa ke nan, kuma yana da 'yar gaskiya. An tsaya a 8,000. Mai gidan zai biya inshorar, zai rattaba hannu a takardar rantsuwa kan shekarun da aka yi kowane gini, zai kuma cire murhu da wurin wanka daga boskwata kafin ya fita.

Lauyoyin banki sun fi tawa tsauri, don su ma masu gida ne a wannan tsarin. Sun yi tambaya sau uku a kan abu ɗaya. Daga ƙarshe suka amince da inshorar, da sharaɗin kada a ba da boskwata haya.

Uwargida ta ce, "Malam, ni dai kicin ɗina lafiya?" Na ce lafiya. Ta ce to sauran naka ne.

Juma'a, 22 ga Agusta

An yi musayar kwantiragi, kashi goma cikin ɗari ya fita daga asusunmu. Inshorar fam 214, shafi huɗu. Na karanta ta sau biyu a cikin bas.

Juma'a, 5 ga Satumba

Makulli ya shigo hannu da ƙarfe biyu saura. Dattijon ya bar mana injin yanke ciyawa da takarda mai bayanin ranar kwashe shara. Abu na farko da na yi bayan mun yi addu'a shi ne na hau na sa kwaɗo a ƙofar ɗakin rufi. Babban yaron, wanda tun watan Mayu ya riga ya zaɓi inda zai manna hotunan 'yan ƙwallonsa, bai yi mini magana ba sai bayan isha'i.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ga inda aka tsaya. Gyaran rufi ba ya yiwuwa a ɓoye, kuma ba na so a yi shi a ɓoye. Sai an shigar da takarda ofishin ingancin gini, jami'insu ya zo ya ga ƙarfe kafin a rufe. Akwai ma hanyar halasta tsohon aiki, ga duk abin da aka yi bayan 11 ga Nuwamban 1985, kansil kaɗai ke ba da ita, kuma suna iya cewa a fasa ko'ina su gani. Ko wacce na bi, ranar da na shigar da takarda inshorar ta mutu. Wannan bai dame ni a kan rufi da kicin ba, don sun haura shekara goma, wa'adin da ofishin ingancin ke da shi yanzu. Amma na tsaya a tagar ɗakin rufin na duba: abin da ido ke fara sauka a kai shi ne boskwata, da rufinsa da ya ɗara katanga. Ofis biyu ne, amma kansil ɗaya ce.

Uwargida ta ce a jira Agusta, wata goma kamar gobe ne, yara su ci gaba da kwana biyu a ɗaki yadda suka saba. Lauya ma, ba tare da ta faɗa ƙarara ba, can ta karkata. Ni kuma zaman jiran nan ne ba ya mini daɗi. Duk ambulan mai ruwan ƙasa da ya faɗo ta ƙofa sai na juya shi na ga tambarin da ke jiki. Makon jiya maƙwabcin baya ya leƙo ta katanga yana tambaya ko wani zai zauna a ciki, na ce a'a, kekuna ne da buhunan shinkafa, na ji muryata ta fi ƙarfin tambayar.

Jiya na kawo kafinta ya duba ko za a iya sauke rufin boskwatan da santimita 40, ya koma 2.5 a huta. Ya hau tsani, ya ɗaga roba, ya ce bulo layi shida za a cire, kuma ƙofar sai an sake ta don linta za ta sauko. Daga ciki tsayin zai koma mita biyu da 'yan kai, ni zan shiga ba sunkuyo, Yaya in ya zo sai ya duƙa. Zai turo farashi ranar Laraba. Na aika wa lauya tambaya ko taɓa rufin ma yana kashe inshorar, amsar da ta dawo ta na'ura ce, tana hutu sai 20 ga wata.